Suna da Kirari a Kasuwar Ƙananan Jiragen Sama



Gabatarwa

Manomin shinkafa a ƙasar Faru, ko Bakura, ko Talata Mafara, bai cika tunanin jirgin sama ba sai in lokacin aikin Hajji ya gabato, ko kuwa ran da jan-baki ya sauka a gonarsa. Tsuntsun nan ɗan ƙarami ne, bai cika tafin hannu ba, amma masana aikin gona sun ƙiyasta kowane ɗaya yana cin kimanin giram 10 na hatsi a yini. Gungun da ya kai miliyan biyu ke nan zai lashe tan 20 tsakanin safiya da maraice. In abin ya fi ƙarfin yara masu kaɗa gwangwani da majajjawa, sai a kai kuka wurin hukuma, ita kuwa ta yi hayar ƙaramin jirgi ya zo ya yi feshi a makwancin tsuntsayen. A irin wannan rana akwai wani ma'aikaci a ofis da za a ajiye wa takardu ɗauke da sunayen jirage iri iri, a ce ya ba da shawara a kan wanda ya kamata a ɗauka. Kuɗin na jama'a ne, shinkafar ta talaka ce, shi kuwa ma'aikacin galibi bai taɓa sa ƙafa cikin irin jirgin ba. Abin da ke gabansa suna ne da lamba. Hausawa suna kiran irin wannan ciniki cinikin biri a sama.

Wannan lacca za ta duba inda sunayen ƙananan jirage su ke fitowa, watau jirage masu ɗaukar mutum biyu zuwa goma waɗanda attajirai da kamfanoni da makarantun tuƙi su ke saye. Abin da a ke so a nuna shi ne, sunan da kamfani ya ke raɗa wa jirginsa kirari ne, maroƙin da ya shirya shi kuwa albashinsa yana hannun mai kaya. Wanda ya san haka zai saurari kirarin ya ji daɗinsa, sa'an nan ya nemi sunan yanka kafin ya sa hannu a takarda.

Suna a wurin Bahaushe

Bahaushe ya daɗe da rarrabe sunaye hawa hawa. Akwai sunan yanka, wanda liman ya ke raɗawa ran bakwai, shi ne mai zama a takardar gado da ta aure. Akwai laƙabi, wanda jama'a su ke ba mutum bisa wani abu na gaskiya da ya shafe shi: Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Talatu ran Talata aka haife ta. Garuruwa ma suna samun irin wannan, domin sunan Talata Mafara yana ɗauke da ranar da kasuwar garin ta ke ci, baƙo ma in ya ji ya san ranar da zai kawo hajarsa. Sa'an nan akwai kirari, wanda maroƙi ya ke yi wa basarake ko attajiri ko ɗan dambe. In an ce wa mutum giwa, ko zaki, ko bajimi, ba wanda zai tashi ya nemi haure ko ƙaho. Kowa ya san zuga ce, ya kuma san wanda zai sa hannu aljihu in an gama.

Jirgin sama yana da duk ukun. Sunan yankansa shi ne lambar ƙira wadda hukumar kula da sufurin sama ta rubuta a takardar shaidar amincewa da ƙirar, kamar 172 ko PA-28. Da ita makaniki ya ke neman kayan gyara, da taƙaitaccen siffarta kuma matuƙi ya ke cike takardar tafiya. Kirarinsa shi ne sunan da sashen talla ya ƙaga, a rubuta da kyakkyawan fenti a gefen jirgi. Laƙabinsa kuwa matuƙa da makanikai ne su ke ba shi bayan sun ga halinsa. Ban da waɗannan akwai lambar rajista ta kowane jirgi shi kaɗai, wadda ta ke farawa da 5N in na Nijeriya ne, 5U in na Nijar ne.

Yadda kirari ya shigo kasuwa

Jiragen da suka fara sauka a Nijeriya sun sauka ne a Kano ran 1 ga Nuwamba 1925. Su uku ne, na mayaƙan sama na Ingila, sun taso daga Helwan a ƙasar Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Sunansu DH.9A, haruffa biyun farko na mai ƙirar ne, Geoffrey de Havilland, saura kuwa lamba ce. Mai saye Gwamnati ce, ba ta bukatar a zuga ta. A cikin wannan shekara ta 1925 kuma shi de Havilland ɗin ya fito da wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu domin ƙungiyoyin masu sha'awar tuƙi da ɗaiɗaikun mutane. Lambarsa DH.60, amma ya ƙara masa suna Moth, watau ƙwaron nan faɗa-wuta, domin shi mutum ne mai sha'awar tara irin waɗannan ƙwari. Sunan ya karɓu, har ya haifi dangi guda, cikinsu da Tiger Moth na 1931 wanda dubban matuƙa suka koyi tuƙi a kansa. Mutum ɗaya, shekara ɗaya, ya ga jirginsa mai lamba zalla a hannun soja, ya kuma raɗa wa wani suna domin farar hula. Tun daga nan a ke iya gane cewa mai saye shi ke jawo suna.

A Amurka abin ya fi bunƙasa, dalilinsa kuwa faɗuwar kasuwa ce. Da aka ƙare yaƙin duniya na biyu, masu ƙera jirage suka zaci kowane matuƙin soja da ya dawo gida zai sayi nasa. A shekarar 1946 suka fitar da ƙananan jirage fiye da 30,000. Kafin 1951 abin da su ke fitarwa a shekara bai kai 3,000 ba, kamfanoni da yawa suka rufe. Waɗanda suka tsira, musamman Cessna da Beech na garin Wichita a jihar Kansas, da Piper na jihar Pennsylvania, suka gane cewa dole su nemi sabon mai saye, watau likita da lauya da ɗan kasuwa da babban manomi, mutanen da ba su san inji ba amma suna da kuɗi. Sai suka ari dabarun masu sayar da motoci: sabon samfuri kowace shekara, sabon fenti, sabuwar kalma.

Cessna 172, wanda ya fito a 1956, shi ne babban misali. An ƙera fiye da 44,000, ba wani jirgi a tarihi da ya kai shi yawa. Abin da ya bambanta shi da 170 da ya gada shi ne an sa masa taya a ƙarƙashin hanci maimakon a wutsiya, abin da ya sauƙaƙa sauka. Sashen talla ya kira wannan tsari Land-O-Matic, kalmar da aka ƙera domin ta yi kama da a ce jirgin shi ke saukar da kansa. A 1960 aka karkatar da wutsiyar baya ta yi kama da ta jirgin yaƙi. A 1963 aka huda taga a bayan fasinja aka kira ta Omni-Vision, watau gani ta kowace fuska. Taga ce dai irin wadda kowace mota ta ke da ita.

Sunan Skyhawk kuwa, watau shahon sama, a 1961 ya bayyana. Jirgin da aka ba shi 172 ne, inji ɗaya mai ƙarfin doki 145, fiffike ɗaya. Abin da aka ƙara shi ne fenti a jiki duka, da murfin tayoyi, da wasu na'urori a gaban matuƙi, sa'an nan aka ƙara farashi. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi lamba, mai hali ya sayi shaho. Da kamfanin ya ga yawancin masu saye shahon su ke so, sai a 1976 ya daina tallar jirgin da lamba, kowane ɗaya ya zama Skyhawk. A takardar hukuma kuwa har yau 172 ne.

Kowane gida da salon kirarinsa

Kamar yadda makaɗin fada ya ke da salo dabam da makaɗin noma, haka kowane kamfani ya kama hanyarsa, domin mai saye ya gane gidan da jirgi ya fito tun daga jin suna. Cessna ta riƙe kalmar Sky, watau sararin sama: Skylane, Skylark, Skyhawk, Skywagon, Skymaster.

Beech, wanda jiragensa suka fi tsada, ya kama sarauta. Queen Air ya fito a 1960, Baron a 1961, King Air a 1964, Duke a 1968. Waɗannan duk muƙaman sarautar Turai ne, kamar a jera dagaci da hakimi da galadima da sarki. Amurka ba ta da sarki, amma attajirinta yana da kwaɗayin a ce da shi ranka ya daɗe, kamfanin kuwa ya sayar masa da rawanin tare da jirgin. Akwai hikima ta biyu a ciki. Wanda ya sayi hakimi bana, in Allah ya buɗa masa baɗi, zuciyarsa za ta raya masa cewa saura sarki.

Piper ya ɗauki sunayen ƙabilun asalin ƙasar Amurka, waɗanda Turawa suka kira Jajayen Indiyawa: Apache a 1954, Comanche a 1958, Cherokee a 1961, daga baya Navajo da Seneca da Cheyenne. Zamanin finafinan kaboyi ne, sunayen kuma suna kawo wa ɗan kallo hoton jarumi bisa doki a fili fetal. A nan akwai abin da ya kamata ɗalibin harshe ya tsaya a kai. Mutanen Cherokee su ne sojan Amurka suka kora daga ƙasarsu ta gado a 1838, dubbai suka mutu a hanya saboda sanyi da yunwa da cuta. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, sunansu ya zama ado a jikin jirgi da mota. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2021 shugaban al'ummar Cherokee, Chuck Hoskin, ya fito fili ya nemi kamfanin motar Jeep ya daina amfani da sunan. Kada kuwa a zaci abin ya tsaya can nesa. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da mota a 2002 ya kira ta Touareg, sunan da Turawa su ke kiran Abzinawa da shi, kamfanin Yamaha na Japan kuma yana da babur mai suna Ténéré, sunan hamadar da ke gabas da Agadas. Shi ma Cessna, da ya ƙera jirgin ɗaukar kaya da fasinja zuwa ƙauyuka a farkon shekarun 1980, Caravan ya kira shi, watau ayari.

Sauya suna, jirgi na nan

Hausawa sun ce suna linzami ne. 'Yan talla sun yarda da haka, shi ya sa in doki ya ƙi tafiya su kan fara da sauya linzamin. Piper yana da jirgi mai lamba PA-28-180, lambar ƙarshen tana nuna ƙarfin dokin injinsa. Shekara da shekaru Cherokee 180 a ke kiransa. A 1973 aka ɗan ƙara masa tsawo aka ce Challenger, a 1974 aka ce Archer, watau maharbi. Babban wansa mai ƙarfin doki 235 ya zama Charger a 1973, Pathfinder a 1974. Mai sayen tsohon jirgi a yau zai ga sunaye barkatai a takardar dillali ya ɗauka jirage ne dabam dabam, alhali 'yan ɗaki ɗaya ne.

Wani lokaci kuma a kan sauya suna ne domin a gudu daga baƙin jini. Cessna 175, mai kirarin Skylark, yana da wani inji mai giya tsakaninsa da farfela. Matuƙa da yawa ba su saba da yadda a ke tafiyar da shi ba, ya riƙa zafi yana lalacewa, labari ya bazu, ciniki ya tsaya. A 1963 kamfanin ya cire lambar 175, ya kira jirgin P172D Powermatic, domin ya raɓu da farin jinin 172. A takardar shaidar hukuma kuwa yana nan ƙarƙashin 175. Masu saye ba su ruɗu ba. Waɗanda aka ƙera ba su kai ɗari ba, a shekarar aka daina. Darasin da ke nan biyu ne. Na farko, kasuwar da ta san kaya ba a yi mata rufa-ido da sabon suna. Na biyu, ita kanta lambar da ke jikin jirgi tana iya zama kirari in ta faɗa hannun 'yan talla. Cherokee 140 ma an ƙara ƙarfin injinsa zuwa doki 150 tun 1965, amma aka bar masa lambar 140. Abin dogara shi ne takardar hukuma da littafin matuƙi.

Laƙabin da jama'a su ke mayarwa

Mai kaya yana da ikon yin kirari, amma ba shi da iko a kan bakin jama'a. A 1947 Beech ya fito da jirgi mai sauri, mai wutsiya biyu a buɗe kamar gwafa, ya kira shi Bonanza. Kalmar tana nufin jijiyar zinariya ko azurfa mai yawa da mahaƙi ya ci karo da ita, abin da Bahaushe zai ce garaɓasa. Masu kuɗi suka yi ta saye, cikinsu da likitoci waɗanda aljihunsu ya fi gwanintarsu ta tuƙi nauyi. Jirgi ne mai santsi, in matuƙi ya ruɗe cikin gajimare nan da nan ya ke wuce saurin da jikinsa zai jure. Haɗari ya yi yawa, har matuƙa suka laƙaba masa suna mai ma'anar mai wutsiyar gwafa, makashin likitoci. An daina ƙera mai wannan wutsiya a 1982, daga baya kuma hukuma ta wajabta a ƙarfafa wutsiyar waɗanda ke aiki. Haka kuma Cessna ya ƙera ƙaramin jirgi mai injin jet wanda ya fara tashi a 1969. Da fari FanJet 500 a ke ce masa, sai aka sauya zuwa Citation, sunan wani dokin sukuwa da ya cinye manyan tsere uku na Amurka a 1948. Da matuƙa suka ga bai kai abokin gasarsa Learjet gudu ba, sai suka murɗa sunan ya koma Slowtation, daga kalmar Ingilishi mai nufin nawa.

Bahaushe gwani ne a wannan fage. Da ya ga abin hawa a kan dogo da kuma a sama, sai ya ɗauko tsohuwar kalmarsa ta jirgin ruwa ya faɗaɗa ta, aka sami jirgin ƙasa da jirgin sama. Da ya ga wanda ba ya bukatar fili, ya dire tsaye, sai ya ce mai saukar ungulu. Ba ɗan tallar da zai raɗa wa hajarsa sunan ungulu, amma ba kalmar da ta fi ta bayyana yadda abin ya ke sauka. Ƙaramar motar ɗaukar kaya ta zama a-kori-kura. Babur mai murfin roba ya zama roba-roba. Keke mai ƙafa uku da a ke shigowa da shi daga Indiya, a Legas an kira shi da sunan Buba Marwa wanda ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999, a wasu wurare da sunan shirin yaƙi da talauci na NAPEP, a Kano kuwa ya ɗauki sunan shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu da Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa a 2004. A Zamfara da Katsina har akwai samfurin babur ɗin Honda da jama'a suka laƙaba wa Boko Haram, saboda 'yan bindiga sun mai da shi abin hawansu. Kamfanin bai zaɓi wannan suna ba, ba shi kuma da yadda zai yi ya goge shi. Laƙabi shaida ce ta waɗanda suka yi hulɗa da kaya, don haka ya fi kirari amfani ga mai niyyar saye.

Jirgin aiki

A koma ga jirgin feshi da aka fara da shi. A nan za a ga wani abin lura: gwargwadon yadda mai saye ya san aikin, gwargwadon yadda suna ya ke sauka ƙasa. Piper dai ya kira nasa Pawnee a 1959 bisa al'adar gidan. Amma Cessna, mai shaho da sararin sama, da ya zo sayar wa masu feshi, sai ya ce AGwagon da AGtruck, watau amalanken gona da motar kayan gona. Wani kamfani na garin Olney a jihar Teksas sunansa ma gaba ɗaya Air Tractor, tarakta ta sama. Lambobin jiragensa suna faɗin abin da tankin magani ya ke ci: AT-402 galan 400, AT-502 galan 500, AT-802 galan 800. Mai feshi da lissafin eka ya ke cin abinci, bai damu a kira shi sarki ba.

Mutanen Maradun da Bakura da Talata Mafara sun san farashin sayen na'ura bisa alkawari. An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, tafkin kuma yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. An shirya ban-ruwa a fili mai kimanin hekta 23,000, mafi yawansa da na'urorin yayyafi masu aiki da famfo da lantarki. Kafin 2003 na'urorin yayyafin sun tsaya, abin da a ke nomawa ya koma kimanin hekta 7,500 ta magudanan da ruwa ya ke gangarawa da kansa. Na'urorin sun yi kyau a takarda, amma rayuwarsu tana rataye da wuta da kayan gyara da makanikin da ya san su. Tambayoyin da ya kamata a yi wa jirgi ke nan su ma. Wane irin mai ya ke sha, ana kuwa samunsa a Sakkwato ko Kano? Fili mai tsawon mita nawa ya ke bukata in an cika tanki a zafin watan Afrilu? Wa zai gyara shi, daga ina kayan gyaran za su zo? Ba ɗaya daga cikin amsoshin nan da ke cikin kalmar shaho ko sarki.

Zariya da Kaduna

Ɗaliban Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, sun daɗe suna koyo a kan jiragen Faransa masu suna Tampico da Trinidad. Sunan yankansu TB9 da TB20, haruffan kuwa daga Tarbes ne, garin da aka ƙera su a gindin duwatsun kudancin Faransa. Tampico tashar jirgin ruwa ce a Meksiko, Trinidad tsibiri ne a tekun Karibiyan, ɗan'uwansu TB10 kuma Tobago a ke ce masa. An zaɓi sunayen ne domin Bature mai fama da sanyi ya tuna rana da bakin teku da hutu. Ga ɗalibin da ke shawagi bisa Kufena cikin hazon hunturu, kirarin bai faɗa masa kome ba. Kirari yana aiki ne a kunnen wanda aka shirya shi dominsa.

A Kaduna an harhaɗa wani ƙaramin jirgin koyo wanda ya fara tashi a 1989, aka yi wa Rundunar Mayaƙan Sama guda 60. Asalin ƙirarsa RV-6A ce ta wani Ba'amurke, Richard VanGrunsven, haruffan ma na sunansa ne. A nan gida aka kira shi Air Beetle. Mai jin Ingilishi zai tuna motar nan ta Volkswagen, ƙarama mai juriya mai sauƙin gyara. In aka juya kalmar zuwa Hausa kuwa, buzuzu za a samu, sana'arsa kuma kowa ya san ta. Wannan gargaɗi ne ga masu fassara: kirari ba ya ƙetare harshe da kayansa duka.

A Kadunan dai aka sami misalin da ya fi dacewa da ɗalibin Hausa. A watan Disamba 2013 rundunar ta ƙaddamar da jirginta marar matuƙi na leƙen asiri, ta kira shi Gulma. A watan Fabrairu 2018 ta ƙaddamar da wani ta kira shi Tsaigumi, watau tsegumi. Na'ura ce mai zuwa ta gano abin da wasu su ke yi a ɓoye ta dawo ta faɗa. Sunayen sun faɗi aikin, sun kuma sa mai ji murmushi, ba su yi wa kowa alkawarin sarauta ba. Laƙabi ne irin na Tanko da Kande, hukuma ta riga jama'a raɗawa.

Kammalawa

Talla halal ce, kirari kuma tsohuwar al'ada ce mai daɗin ji. Kasuwar Talata ba za ta ci ba in masu haja suka yi shiru. Abin da a ke nema ga ma'aikacin Gwamnati shi ne, in takardar saye ko haya ta zo gabansa, ko ta jirgi ce, ko tarakta, ko famfon ban-ruwa, ko maganin feshi, ya rubuta lambar ƙira cikakkiya da shekarar da aka yi abin a cikin yarjejeniya, ya nemi takardar shaidar hukuma ya gwada ta da abin da dillali ya faɗa, sa'an nan ya je wurin direbobi da makanikai ya tambayi laƙabin da su ke kiran abin da shi da dalilin laƙabin. Ɗalibin harshe kuma, wanda gobe zai zauna a gidan rediyo ko ofishin fassara, in ya ci karo da Skyhawk ko King Air, ya bar wa kamfani sunansa yadda ya ke, ya gaya wa mai sauraro cewa jirgi ne mai kujera kaza, mai inji kaza. In kuwa aka nemi ya ƙago wa sabuwar na'ura suna da Hausa, ya bi sawun waɗanda suka ce mai saukar ungulu, domin sun kalli abin da kyau kafin su buɗe baki.

Allah ya tsare amfanin gona, ya ba masu riƙe da dukiyar jama'a ikon riƙon amana.